Idan Jiki Ya Canza Kuma Ba a Gano Dalili Ba Tukuna



 Maganata ta shafi wani abu da ba mu cika tattaunawa ba a zamanmu: saurayi ko budurwa mai ƙarfi, shekara ashirin da ƴan kai, kwatsam ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya riƙa minjirya, ko ido ɗaya ya dushe har yana ciwo in an juya shi. A je likita, a auna jini, a ce ba masassara, ba komai. Bayan mako biyu ko uku abin ya lafa. Bayan wata shida ya dawo, a wani wurin daban.

Kun san abin da ke biyowa baya. Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa aka yi, wani ya ce lalaci ne don gudun jarrabawa. Mai ciwon kuma ya yi shiru, don shi kansa ya fara shakkar kansa.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke zuwa ta wannan siga ita ce wadda likitocinmu ke taƙaitawa da faransanci su ce SEP. Da Hausa mu ce ciwon lalacewar rigar jijiya. Ku dubi wayar lantarki: ƙarfe a ciki, roba a waje. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na lakar baya su ma suna da riga irin wannan, ana ce mata miyelin. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum ce ke kuskure ta kai wa rigar hari. Inda rigar ta ɓare, saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. Shi ya sa alamun ke yawo: yau ido, gobe ƙafa, wani lokaci jiri, ko gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ko matsalar riƙe fitsari.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ciwon a birnin Paris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum wajen miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya. Ya fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza ko fiye. Ba a ɗaukarsa daga wani, ko ta abinci, ko ta zama tare.

To amma ku saurara da kyau a nan. Wannan ciwo ya fi yawa a Turai da arewacin Amurka, a ƙasashenmu na kudu da Sahara ba a cika samunsa ba. Akwai abubuwa da dama da suka fi kusa da mu waɗanda ke kawo irin waɗannan alamu: ƙarancin bitamin B12, ciwon suga, sikila, tarin fuka idan ya kama ƙashin baya, tsargiya idan ta kai ga laka, ƙanjamau, da shan ƙwayoyi irin su taramol. Da yawa daga cikinsu suna da magani in an tare su da wuri. Don haka wanda ya kwana yana bincike a intanet har ya yanke wa kansa hukunci, ya ƙara wa kansa tsoro ne kawai.

Kuma me ya sa ganowa ke daɗewa? Saboda babu awo guda ɗaya da ke cewa ga shi. Likitan jijiya yana neman shaidar cewa illar ta taɓa fiye da wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa ko laka, sannan ya kawar da sauran cututtuka ɗaya bayan ɗaya. Yana aiki da hoton IRM, wani lokaci da ɗibar ruwan baya, irin wanda muka sani a lokacin sanƙarau. Likitocin jijiya kaɗan ne a Nijar, mafi yawansu a Yamai. Ɗan Tawa ko ɗan Damagaram sai ya haɗa kuɗin mota, da masauki, da kuɗin hoto. Wannan zaman jiran shi ne mafi wuya, kuma a kansa nake son ba ku shawara huɗu.

Ta farko, ka samu ɗan littafi. Rubuta ranar da alamar ta fara, wane sashen jiki, kwana nawa ta yi. Likita na kula ƙwarai da alamar da ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba. Ka ajiye duk takardar awo da ta magani cikin jaka guda. Minti goma gaban likita ba ya isar mai dogara da tunani kawai.

Ta biyu, ka san abin da ba ya jira. Idan baki ya karkace nan take, ko ɓarin jiki ya shanye, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke, ko fitsari ya tsaya, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ta uku, ka kula da zafi. An daɗe da sanin cewa zafin jiki na tada alamun wannan ciwo na ɗan lokaci. A bazarar Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inuwa, ruwan sha, wanka da ruwan sanyi, da rage zirga-zirgar tsakar rana suna taimakawa.

Ta huɗu, kada ka sayi magani a bakin hanya don wani ya ce ya yi masa aiki. Magungunan kotizon da ake bayarwa lokacin tashin ciwon, likita ne ke auna su. Shan su barkatai na iya ɓoye tarin fuka ya ƙara masa ƙarfi.

Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba. Wanda tsayuwa ta gagare shi, addini ya sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune, kuma marar lafiya na da rangwame a azumi. Abin da nake tsoro shi ne a kwashe shekara ana yawon neman wanda ya yi jifa, alhali ciwon na cin jijiya.

In kuma an tabbatar SEP ce, rayuwa ba ta ƙare ba. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya ba, amma tun 1993 akwai magungunan da ke rage yawan tashinta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin muhimman magunguna. Masu ciwon da yawa na karatu, suna aiki, suna aure, suna haihuwa.

Saura mu. Idan ƴar uwarmu ta ce ƙafarta ba ta ɗaukarta, mu yarda da ita tun kafin hoto ya nuna. Mu raka ta asibiti, mu kwafa mata darasin da ya wuce ta, mu rufa mata asiri, kada mu bari a mai da ciwonta abin tsegumi a unguwa har ya taɓa maganar aurenta. Wanda ke da ɗan uwa a Yamai ya ba da masauki. A asusunmu na taimako, a ware wani abu don kuɗin awo. Ranar 30 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar wannan ciwo a duniya. Mu gayyato likita ya yi mana bayani da Hausa a wannan rana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri.