Turanci Ta Hanyar Littafin Zane

(Jawabin editan wannan jarida ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a 'Yandoto)



Ba zan yi wa mutanen 'Yandoto bayanin darajar karatu ba. Tun kafin jihadin 1804 garin nan ya yi suna wajen malamai, kuma daga nan Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau. Abin da ya kawo ni tambaya ce da kuke yawan aiko mana daga Tsafe da Bunguɗu da nan. Kuna cewa, to mun iya karanta Hausa, amma kwalbar magani da buhun taki da saƙon banki a waya duk da Turanci suke zuwa. Yaya za mu yi?

Tambayar tana kan hanya. Mutumin da bai gane ranar lalacewar magani a jikin kwalba ba, yana iya ba ɗansa abin da zai cuce shi. Wanda kuma sai ya miƙa wa wani wayarsa a karanta masa, asirin kuɗinsa ya fita.

Bari in gaya muku yadda ni na samu kan Turanci. Ina aji ɗaya a sakandare, Turanci ya gagare ni. In na buɗe littafi sai in ga baƙaƙe kamar tururuwa. Wata rana na tsinci wani yagaggen littafi, ko bango ba shi da shi. Kowane shafi an raba shi gida-gida, kowane gida da zane. Maganar mutum kuma an rubuta ta cikin wani zagaye da ke fitowa daga bakinsa. Ashe labarin Robinson Crusoe ne, wanda wani Bature ɗan Ingila, Daniel Defoe, ya rubuta a 1719. Asalin littafin yana da kauri, Turancinsa kuma tsoho ne. Amma a 1941 wani mutum a Amurka, Albert Kanter, ya fara mai da irin waɗannan manyan littattafai zuwa zane-zane, da gajerun jimloli. Daga baya aka sa wa jerin suna Classics Illustrated, ya bazu ƙasashe da yawa.

Labarin kuwa na manomi ne. Jirgin ruwa ya nutse, mutum ɗaya ya tsira, ya zauna a tsibiri shekara 28. Ya kama awakin daji ya yi kiwo. Ya gina tukunya da yumɓu. Da ya samu ɗan iri, ya yi shuka ba a kan lokaci ba, rani ya biyo baya, ko tsiro bai gani ba. Sa'arsa ɗaya, bai zuba irin duka ba, ya rage wani. Wa ke nan da bai san wannan baƙin cikin ba?

To ga inda amfanin yake. Na ga zanen akuya, na ga kalmar goat a kusa da ita. A shafi na gaba ga akuya kuma, ga kalmar ta sake dawowa. Ba wanda ya fassara mini. Haka na kama rain, wato ruwan sama, da seed, wato iri, da fire, wato wuta. Zanen shi ne malamin, son jin ƙarshen labari kuma shi ne bulalar da ke kora ka gaba.

In littafin ya zo hannunka, kada ka fara da rubutun. Ka bi zanen tukuna daga hagu zuwa dama, ka ba kanka labarin da Hausa. Bayan nan ka koma kan maganar da ke cikin zagayen. Kalmar da ta dawo sau uku, ita ce taka, ka rubuta ta a littafin aikinka. Kalma biyar a rana ta isa. A wata guda ka tara 150. Kuma ba daga fanko za ka fara ba, don bokiti da tebur da mota da asibiti duk daga Turanci muka aro su.

Amma akwai tarko, gara in faɗa muku. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci ba haka yake ba. Kalmar wuƙa ana rubuta ta knife, amma ba a furta harafin farko, sai a ce "naif". Zane zai ba ka ma'ana, ba zai ba ka lafazi ba. Don haka ka kira ɗanka ko ƙanenka ɗan makaranta ya karanta maka da ƙarfi. Na san wasu dattawa suna jin nauyin haka. Ni dai a ganina, jin kunyar yaro na minti biyar ya fi sauƙi a kan dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Wani lokaci kuma zanen yakan ruɗe ka, ka ɗauka kalmar sunan akuyar ce, ashe sunan igiyar da aka ɗaure ta ne. Sai ka gan ta a wuri na biyu kafin ka yarda.

Wani zai ce me ya sa ba namu labaran ba? Nima abin yana damuna. Labarin da ka riga ka sani ya fi saurin shiga. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an fassara shi da Turanci tun 1967. Da za a samu masu zane a cikin samarinmu su zana shi, da ajin nan ya huta.

Kafin nan, ku duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai in kun shiga Gusau, ku kuma tambayi malaman makarantar yaranku. Littafi ɗaya ya ishi mutum biyar in ana karɓa-karɓa. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da kwalbar magani ko buhun taki daga gida, malaminku zai nuna muku inda ake rubuta ranar lalacewa, mu fara da haruffan nan uku, EXP.