Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Jawabi Kan Gyaran Mota A Gida

Wannan jawabi ne da aka karanta wa taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a garin Filinge. Ga shi kamar yadda aka gabatar da shi.

 

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Lahadi ta Filinge ya ga yadda Bakurfaye yake sayen rago. Zai buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a kora shi don ya ga tafiyarsa. Abin mamaki, mutumin nan shi ne zai zuba dukiyar shekara biyar a kan mota, ya yi wata shida yana hawanta bai buɗe murfin injin ba ko sau ɗaya. Ran da ta tsaya masa tsakanin Baleyara da Filinge, da buhunan wake a baya, ko da mai naƙuda a ciki, ran nan ne yake gane cewa abin da ya mallaka bai san shi ba.

Daga Filinge zuwa Yamai kilomita kusan 180 ne, hanyoyin ƙauyuka kuwa rairayi ne da burji. Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi ya sa kwana a daji gefen matacciyar mota ya zama kasada da rai. Saboda haka maganar kula da mota a ƙasar Kurfai magana ce ta tsare jari da tsare lafiya.

Dattawan da ke nan ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala goma ya koma dala ashirin. Kayan gyaran da ake shigowa da su daga Turai suka yi tashin gwauron zabi, ga kuma albashi yana yin watanni bai fito ba. Ma'aikata da yawa suka ɗora motocinsu bisa duwatsu a ƙofar gida. Waɗanda suka ci gaba da hawa su ne waɗanda suka iya riƙe sifana, suka san hanyar kasuwar Katako da ta Kano. Haka aka sake gani a 2023, sa'ad da aka rufe iyaka da Benin, kayan da ke biyowa ta tashar ruwan Kotonu suka yi wuya. Ke nan tsadar kayan gyara baƙuwa ce mai dawowa, kuma mai hankali yakan shirya mata tun ba ta iso ba.

Matakin farko na koyo ba ya bukatar komi sai ido da tsumma. Kowace safiya, kafin a tada injin, a zaro sandar awo a dubi baƙin mai, a dubi ruwan lagireto, a taɓa fanbel a ji ko ya saki, a zagaya a dubi tayoyi, sa'an nan a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga da dare. Minti biyar sun isa.

Mataki na biyu shi ne sanin abokan gaba uku na wannan ƙasa. Na ɗaya ƙura ce. Idan matatar iska ta toshe, mota ta riƙa shan mai tana rasa ƙarfi. Idan kuwa ta yage, ƙura ta shiga ta cinye ringi da fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Don haka a riƙa kakkaɓe ta, musamman lokacin hunturu, a kuma yi juyen baƙin mai tare da matatarsa kamar kowane kilomita 5,000. Na biyu gurɓataccen fetur ne. Man da ake saye a kwalba bakin hanya yakan zo da ruwa ko rairayi, saboda haka a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Na uku zafi ne. Ruwan rijiya yakan bar ɓawo da tsatsa cikin lagireto har hanyoyinsa su toshe, batir kuwa ba ya son kowane ruwa sai tataccen da aka yi dominsa. Direban da ya ga allurar zafi ta hau ya ci gaba da tafiya don ya cim ma kasuwa, ya sayar da injinsa a kan ribar yini ɗaya.

Daga nan sai babban aiki, wato sauke injin a sabunta shi. A nan tsohuwar Pijo 404 da 504 ta yi wa talaka adalci. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975, shi ya sa kayanta suka bazu ko'ina a ƙasar Hausa. Silindojin injinta ana zare su ɗaya bayan ɗaya a sa sababbi tare da fistan da ringinsu, ba sai an kai gangar injin wurin masu injin sassaƙa ba. Mai haƙuri yana iya yin wannan a zaurensa. Sharaɗin shi ne tsari: a shimfiɗa tabarma mai tsabta, a jera kowane abu yadda aka ciro shi, a rubuta a littafi, a rufe da zane saboda ƙura. Wajen mayar da kan injin, ana ɗaure kusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awon ƙarfi, daidai yadda littafin motar ya faɗa. Bayan an gama, a yi kilomita 1,000 na farko a hankali, sa'an nan a sake juye.

Sai dai koyo yana da iyaka. Sassaƙa sandar injin da daidaita kan da zafi ya lanƙwasa aikin masu na'ura ne. Birki da sitiyari kuwa rayukan fasinja ne, kada sabon hannu ya taɓa su sai da gwani tsaye a kansa. Motocin zamani masu kwamfuta su ma suna da nasu hali, ko da yake akwai ƴar na'ura mai araha da ake soka musu, ta faɗi ciwonsu a wayar hannu. Bakanike ba zai rasa abinci ba don mai mota ya waye. Hasali ma aikinsa zai yi sauƙi, domin an kawo masa mota tun ciwon bai ci ƙarfinta ba, kuma ciniki tsakanin masana biyu ba ya jawo zargi.

A kiyaye abu huɗu. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Kada a bar injin yana aiki cikin rufaffen ɗaki. Kada kuma a zubar da tsohon baƙin mai a ƙasa, domin a kwarin Dallol Bosso ruwa kusa yake, abin da aka zubar yau gobe yana cikin rijiyar unguwa.

Ga ma'aikata akwai ƙarin magana. Harabar ofisoshi da yawa a ƙasar nan ta zama maƙabartar motocin hukuma, kuma da dama cikinsu rashin juye da rashin matata ne ya kashe su, alhali da kuɗin harajin ɗan kasuwar da ke zaune a wannan taro aka sayo su. Ma'aikacin da ya saba duba sandar awon motarsa da safe zai ji nauyin barin motar asibiti ta tafi Abala babu mai.

Wanda yake son farawa, ya ware safiya ɗaya a mako ya zauna gindin bakanike, ya tafi da ɗansa ko ƴarsa, ya sayi sifanoni kaɗan masu kyau da littafin rubutu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.