Jirgin Cikin Gari Na Ikko: Aikin Da Ya Ci Shekara Arba'in



Duk wanda ya taɓa tashi da asuba daga Agege don ya isa Idumota kafin kasuwa ta buɗe, ba ya bukatar a kwatanta masa wahalar gosulo. Jawabin yau a kan maganin da hukuma ta daɗe tana nema wa wannan cuta ne, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da dalilin da ya sa aikin da aka ɗora harsashinsa a 1983 bai ɗauki fasinja ba sai a 2023.

Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamnan Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, shi ne ya fara ɗaura ɗamarar wannan aiki, aka sa masa suna Metroline. An tsara hanyar ta taso daga Marina, ta bi ta Yaba, ta dangana da Agege, aka kuma ba wani rukunin kamfanonin Faransa mai suna Interinfra kwangilar. A lokacin Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. Amma kuma kuɗin man fetur ya riga ya fara faɗuwa, tun 1982 Gwamnatin Tarayya ta shiga tsuke bakin aljihu, bashin ƙasashen waje kuwa yana ta hauhawa.

Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka karɓi mulki. A 1985 gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. An ruwaito cewa wannan sokewa ta jawo wa Jihar Legas hasarar fiye da Dala miliyan 78, alhali ko tarago ɗaya bai yi tafiya ba. Abin lura a nan shi ne, soke kwangila ba kyauta ba ne: wanda aka ƙulla yarjejeniya da shi yana da hakkin neman diyya, kuɗin kuwa daga harajin talakawa za su fito.

Don a gane girman abin da aka rasa, sai a dubi Alƙahira. A farkon shekarun 1980 ita ma Masar ta fara nata aikin da taimakon Faransawa, ba ta kuwa sake shi ba duk da matsin da take ciki. A 1987 jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira ya fara aiki, shi ne na farko a nahiyar Afirka. Ikko kuwa ta ci gaba da dogara ga molue da danfo, mutane na ƙaruwa, titi na nan yadda yake.

Sai bayan komawa mulkin farar hula aka sake ɗauko maganar. A 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar tsara sufurin birnin, wato LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. Hukumar ta zana hanyoyin jirgi da dama, ta ba kowace sunan launi. A 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar Shuɗin Layi, wanda aka tsara ya tashi daga Marina zuwa Okokomaiko, tsawon kilomita 27. Aka sa ran kashin farko zai kammala a 2011. Fashola ya sauka a 2015, Akinwunmi Ambode ya zo ya tafi a 2019, jirgi bai tashi ba.

To, me ya kawo wannan jinkiri? Dalili na farko kuɗi ne. Jiha ce ta ɗauki nauyin ginin, kasafin kuɗin jiha kuwa na shekara-shekara ne, ga makarantu da asibitoci da albashi duk suna jira. In aka sami kuɗi a yi aiki, in babu 'yan kwangila su kwashe kayansu. Na biyu, faɗuwar Naira. Taragu da ƙarafan dogo da na'urorin ba da hannu duk daga waje ake sayo su da Dala. A 2009 Dala tana kusan Naira 150, kafin ƙarshen 2016 ta haura 300 a farashin hukuma. Saboda haka kowace shekarar jinkiri ƙarin kuɗi ce. Na uku, yanayin ƙasar. Ikko gari ne na fadama da bakin teku, ruwa yana kusa da doron ƙasa, haƙa rami a irin wannan wuri kuwa yana da tsada ainun. Hanyar ta bi saman ƙasa ne, wani sashen kuma aka ɗora shi kan ginshiƙai, har da gadar da ta ratsa ruwa ta shiga Marina.

A watan Janairu na 2023 aka yi bikin buɗe kashin farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, mai tasha biyar. Wanda ya buɗe shi kuwa shi ne Shugaba Muhammadu Buhari, wanda gwamnatinsa ta soja ta soke na farko shekara 38 da suka wuce. Ran 4 ga Satumba, 2023, zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu, jirgin ya fara ɗaukar fasinja.

Labarin Jan Layi ya sha bamban, kuma shi ya fi shafar 'yan Arewa, domin ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, daga Agbado zuwa Oyingbo. An fara aikinsa a 2021, aka buɗe shi ran 29 ga Fabrairu, 2024, ya soma jigilar jama'a a watan Oktoba na shekarar. Abin da ya sa ya yi sauri, an yi amfani da hanyar dogon Ikko zuwa Badun wadda Gwamnatin Tarayya ta riga ta shimfiɗa, sa'an nan an nemi rancen bankuna ta wani shiri na Babban Bankin Nijeriya kafin aiki ya yi nisa. Gaskiyar Hausawa ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasin a fili yake. Aikin jirgi ya fi wa'adin kowane gwamna tsawo, don haka ba ya yiwuwa sai an tanadi kuɗinsa tun farko, an kuma ɗaure shi da doka yadda wanda ya gaji mulki ba zai watsar da shi ba. Wanda ya biya kuɗin jinkirin shekara arba'in shi ne ɗan dako da mai shago da maigadi, waɗanda suka ƙarar da awoyinsu a cikin mota.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a. Kashi na biyu na Shuɗin Layi an tsara shi ya bi titin Badagry, wajejen Alaba Rago, inda 'yan kasuwar Arewa suke da yawa. Duk inda hanyar jirgi za ta bi, akan tayar da rumfuna. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi ganin taswirar aikin tun da wuri, kowane mai rumfa kuma ya adana takardar izininsa da rasit ɗin harajinsa, domin da takarda ake neman diyya. Kazalika a guji kasa kaya a kan dogo ko tsallaka shi ta inda ba a yarda ba, musamman Shuɗin Layi da yake aiki da lantarki. Wanda yake biyan haraji a Ikko, ko daga Sakkwato ya zo ko daga Maiduguri, yana da hakkin tambayar ranar da za a gama sauran aikin, da inda kuɗinsa za su fito.

Allah ya ba da zaman lafiya da arziki mai albarka.