Yadda Muka Yi Gudun Kilomita 50 A Duwatsun Shere

(Jawabin da aka gabatar a madadin matasanmu masu motsa jiki, a wajen taron ƙungiya da aka yi a Nasarawa Gwom, Jos.)



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu waɗannan 'yan mintoci. Mun san akwai waɗanda suka ga an sa mu cikin masu jawabi suka yi murmushi, domin mu ne yaran nan da ake gani da sanyin asuba cikin dogon wando da rigar sanyi muna gudu ba wanda ya koro mu. Wani dattijo a masallacinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya taɓa tare mu ya ce, "Ku yara, me kuka sata?" Muka ce, "Baba, ba mu saci komai ba." Ya dube mu ya ce, "To, Allah ya shirye ku." Yau mun zo mu cika wa Baba amsarsa a gaban jama'a.

Da farko sai mun bayyana irin gudun, don kada a ruɗe. Gudun yada-ƙanin-wani da aka sani a duniya tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Duk gudun da ya haura wannan, to ya shiga wani aji dabam, kuma mafi ƙanƙantar wanda aka saba yi a wannan aji shi ne na kilomita 50. Akwai wanda ake yi a kan kwalta, akwai kuma wanda ake yi a daji, a bi turba da burtali, a hau dutse a gangara kwari. Na dajin muka yi. A ƙasashen waje abin ya daɗe. A Afirka ta Kudu tun 1921 ake gasar Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wajen kilomita 90, kuma wanda bai iso ba cikin awa 12 sai a rufe ƙofa a gabansa. Sai a 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga wannan gasa a hukumance, kuma sai a 1989 baƙar fata, Samuel Tshabalala, ya fara cinye ta. A Maroko kuwa tun 1986 ake gudun cikin Sahara na wajen kilomita 250, ana kwana a hanya, kowa da abincinsa a goye. Mu namu bai kai ko kusa ba. Ba gasa ba ce ma, ba kofi, ba ko sisin kwabo. Mu bakwai ne daga unguwar nan da abokanmu huɗu, muka auna hanya da wayar hannu muka sa rana.

To, me ya kai mu? A gaskiya kunya ce. Kowa ya san in ana maganar gudun dogon zango a Nijeriya, Filato ake dubawa. A gasar yada-ƙanin-wani ta Legas, wadda aka fara a 2016, sau da yawa 'yan Filato ne ke fara isowa cikin 'yan Nijeriya. A 2020 ma Emmanuel Gyang da matarsa Deborah Pam su ne suka zo na ɗaya a ɓangaren maza da na mata na 'yan ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garin Jos yana bisa wajen mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. A bisa tudu iskar da mutum ke shaƙa ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka jiki kan ƙara yawan jan jini don ya wadatu, in mutum ya sauka gangare sai ya ji ƙarfi ya ƙaru. Abin da ya ɗaukaka mutanen Iten a Kenya da na Bekoji a Habasha ke nan, sai dai tudunsu ya ninka namu. Muka tambayi kanmu: wannan iska, ba ita muke shaƙa a Nasarawa ba? An haife mu a nan, an haifi iyayen wasunmu a nan. Me ya sa in an fita tsere ba a ganin ɗan unguwarmu ko ɗaya?

Kuma kada wani ya ce Bahaushe bai gaji doguwar tafiya ba. Kafin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Jos a 1914, a ka ake ɗaukar kuza daga ma'adinan nan zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar da ta haura kilomita 200, kuma cikin 'yan alaron nan akwai kakanninmu da yawa. Fatake sun je Gwanja sayen goro a ƙasa. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Barno da Sudan sun yi shekaru a hanya. Mu jikokinsu ne, amma yau daga nan zuwa Taminus sai mun tsayar da a-daidaita-sahu.

Wata shida muka yi muna shiri. Wanda ya horar da mu wani ɗan Fankshin ne, Kirista, tsohon ɗan tsere, muna kiransa Malam don girmamawa, shi kuma yana kiranmu 'yan kasuwa saboda, in ji shi, ko muna gudu ciniki muke yi. Shi ya hana mu rawar kai. Ya ce a ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, a yi gudu a hankali yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi, kuma a huta kwana ɗaya ko biyu. Takalma a gwanjon kasuwar Katako muka saya, muka zaɓi masu kaushin ƙasa kuma waɗanda suka ɗan fi ƙafa girma, don ƙafa tana kumbura in tafiya ta yi nisa. Wanda ya raina wannan shawara a cikinmu, farcensa biyu suka fita.

Amma shiri mafi wuya ba na ƙafa ba ne, kuma a nan muke son iyayenmu su saurare mu da kyau. Kowa a ɗakin nan ya san abin da ya faru ranar 7 ga Satumba 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010 wanda wutarsa ta tashi a nan gefenmu. Ba sai mun tona ciwo ba. Tun daga lokacin garin ya rabu, akwai layin da ba a zana ba amma kowane yaro ya san inda yake. Mafi yawanmu mun taso muna hangen duwatsun Shere daga saman gini, ba mu taɓa taka su ba, alhali wajen kilomita 10 ne kacal gabas da gari. Hanyar da muka zaɓa ta ratsa ƙauyukan Afizere, waɗanda muka saba kira Jarawa, da gonakinsu, da ruggagen Fulani. Malam ya ce ba zai yiwu samari goma sha ɗaya su ɓullo wa ƙauye a guje da sassafe ba tare da an san da zuwansu ba. Saboda haka mako biyu kafin ranar muka bi hanyar a babur, muka gai da masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, muka faɗi ko mu su wane ne da abin da zai kawo mu. Wani daga cikinsu ya daɗe yana kallonmu, sannan ya tambaya, "Daga Nasarawa?" Muka ce e. Ya ce rabonsa da shiga unguwarmu tun 2001, kuma a da can yake sayen kayan keke. Ya ce mu zo, zai sa yara su ɗaure karnuka.

Ranar ta faɗo cikin hunturu. Daren ba wanda ya yi barcin kirki, sai juyi da duba agogo. Ana idar da sallar Asuba muka tashi, haƙora na kaɗawa, kowa da gorar ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli da ɗan ƙullin gishiri. Muka bi ta Rikkos muka nufi Lamingo. Kilomita 10 na farko kamar wasa, har wasu na tsere wa juna, Malam yana yi musu tsawa. Da muka bar kwalta muka kama turba, gari ya fara wayewa. Jama'a, in mutum bai ga fitowar rana daga gindin duwatsun nan ba, to bai gama ganin Jos ba. Hazo kwance a kwari, duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu, shingen ƙyarana kewaye da gidaje, gonakin acca da aka riga aka girbe. Da muka kai wani tudu muka waiga, sai ga garin gaba ɗaya a ƙarƙashinmu. Muka tsaya muna musu a kan ina ne Nasarawa, ina ne Gangare, ina ne Unguwar Rukuba. Daga can sama rufin kwano duk iri ɗaya ne.

Wani abu da ya ba mu mamaki shi ne a irin wannan gudu ba abin kunya ba ne mutum ya yi tafiya. In hawa ya yi tsanani ko manyan gwanaye takawa suke yi, hannu a gwiwa, don a tanadi ƙarfi. Gangara ce ma ta fi cin cinya.

Wahala ta fara ne bayan mun wuce kilomita 30. Malam ya riga ya gaya mana cewa abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa a wajen nan, in ba a ci wani abu tun da wuri ba. Jin magana dabam, gani dabam. Ƙafa ta yi nauyi, baki ya ƙi karɓar dabino, hira ta mutu. Wani ɗan'uwanmu ya zauna a kan dutse ya ce shi fa ya gama, a je a gaya wa mahaifiyarsa. Wani kuma jijiya ta ɗaure masa a sha-raɓa. Shi ne ya yi ta ɗirkar ruwa zalla, har Malam ya ƙwace gorar ya ce ruwa mai yawa ba gishiri shi ma yana da haɗari, yana iya kumbura mutum ya ruɗa masa kai. Waɗannan biyun babur ɗin da ke bin mu ya komo da su. Ba mu ga laifinsu ba, kuma ga su nan zaune, su ne suka fi kowa ƙorafin a sake.

A wajen kilomita 36 muka iso ƙauyen mai unguwar nan da muka faɗa. Karnuka a ɗaure, kamar yadda ya yi alkawari. Mata sun fito da ruwa da dafaffen dankalin Turawa da gishiri. Wata tsohuwa ta dubi ƙafar ƙaraminmu, ta ga bororo ya fashe, ta ce, "Ɗana, uwarka ta san kana nan?" Ya ce, "Ta sani, Mama." Ta ce, "To ci ka tafi, kada ta damu." Wallahi dankalin nan ya fi mana kowane irin nama. Da Azahar ta yi muna can gaba, ruwanmu na sha ne, amma akwai ɗan rafi, muka yi alwala. Abokanmu Kiristoci suka zauna a inuwa suna jiranmu har muka idar, ba wanda ya ce a yi sauri.

Kilomita 5 na ƙarshe ba ma iya ba da labarinsu sosai, domin kowa yana cikin nasa hali. Abin da muke tunawa shi ne lokacin da ƙafa ta koma kan kwalta, muka ji hon ɗin motoci da ƙanshin ƙosai. Yaran unguwa suka hango mu suka biyo mu a guje da ihu. Wanda ya fara isowa a cikinmu ya yi awa bakwai da 'yan mintoci, na ƙarshe ya haura awa tara. Mu biyar cikin bakwai muka kammala. Ƙato da gemu ya zauna a bakin kwata yana kuka yana dariya, ba ya ma iya cire takalmi. Kwana uku muna sauka daga bene da baya-baya, kuma a masallaci sai da muka yi sallah a zaune, abin da ya ba Baba damar yi mana dariya har ya gaji.

Yanzu ga abin da ya kawo mu gabanku. Akwai yara kusan ashirin da ke son shiga cikinmu, amma iyayensu sun hana, wasu don tsoron hanya, wasu don ganin abin shiririta ne. Tsoron muna ganin dalilinsa, ba ma raina shi. Sai dai muna roƙon a duba inda yaran nan ke zama in ba su fito gudu ba. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma ba wanda zai rantse cewa lungunanmu sun tsarkaka daga ƙwaya. Yaron da zai tashi gudu bayan Asuba ba ya kai sha biyun dare a majalisa. Mun ga haka a kanmu, akwai wanda ya bar taba a cikinmu ba tare da an yi masa wa'azi ba, numfashi ne ya tilasta masa.

Abin da muke nema daga ƙungiya bai da yawa. Muna son dattawa biyu ko uku su raka mu mu koma ƙauyukan nan mu yi godiya yadda ya kamata, da goro da gishiri, domin godiyar yara ba ta kai ta manya ba. Muna son wani daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya ya duba jini da zuciyar duk wanda zai shiga, musamman waɗanda suka haura shekara 40, don wannan gudu ba a faɗa masa da ka. Muna kuma son aron mota ɗaya ranar da za a sake. 'Yan'uwanmu mata sun tambaye mu ko su ma za a tsara musu tattaki na kusa cikin suturarsu, mun ce wannan magana ce ta iyaye da malamai, mun kuwa kawo ta gabanku.

Mun sa ran sake fita in hunturu ya dawo, in Allah ya kai mu. Mai son shiga ya same mu a ƙofar masallaci ranar Asabar bayan Asuba, za mu fara da kilomita 3 ne, a hankali. Baba, kai ma akwai wuri a babur.