Idon da Ba Ya Rufuwa: Jawabi ga Masu Aikin Sa Kai na Dutsin-Ma da Kurfi

Yau maganarmu a kan idon mai fama da kuturta ce.

Tun 1995 ake ba da maganin kuturta kyauta, a sha na wata 6 ko 12, ƙwayar cutar ta mutu. Amma in cutar ta riga ta lalata jijiyar da ke rufe fatar ido, wannan magani ba zai rufe idon ba. Mutum yana barci ido a buɗe. Wani ma idon ya daina jin zafi, ƙurar hunturu ta shiga bai sani ba, har gyambo ya fito a kan baƙin idon, ya bar farin tabo. Wanda hannunsa da ƙafarsa ba sa ji, da ido yake kauce wa ƙaya da wuta. In idon ya tafi, me ya rage masa?

Gwajin ba wuya. Ku ce ya rufe ido a hankali kamar mai barci, ku duba ko an bar rata. In abin bai kai wata 6 ba, sau da yawa ƙwayar prednisolone daga hannun ma'aikacin lafiya takan farfaɗo da jijiyar. Kada a jira a gama girbi, a kai shi asibitin Babbar Ruga kusa da Katsina.

In ya daɗe, ratar kuma babba ce, sai tiyata. Mafi sauƙi, likita ya ɗinke gefen fatar sama da ta ƙasa, ko ya ɗaure ta ƙasa da ta saki. Allurar kashe zafi kawai ake yi, ba a sa mutum barci. Akwai kuma wadda ake jawo tsokar tauna daga gefen kai a haɗa ta da fatar ido, sai ya cije haƙori idon ya rufu. Wannan tana bukatar ƙwararre da doguwar koyo, kuma a ganinmu ba kowane tsoho zai jure ba. Asibitin ido na ECWA a Kano, da aka buɗe a 1943, ya daɗe da aikin ido.

Mu faɗa wa iyalai gaskiya: tiyatar tana tsare ganin da ya rage ne, ba ta dawo da wanda tabo ya cinye. Kafin ranar aiki, a sa tabarau da malafa da rana, da dare kuma a rufe idon da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya taɓa ƙwayar idon.