Jawabin Ƙaddamar da Littafin Ƙa'idojin Karatu da Manhajar Falsafa a Babbar Seminari



Littafin da ake ƙaddamarwa a yau ya ƙunshi abu biyu. Na farko shi ne ƙa'idojin karatu, wato dokokin da suka tsara shiga aji da jarrabawa da rubutun bincike da sharuɗɗan kammalawa. Na biyu kuma manhaja, wato jerin fannonin falsafa da ɗalibi zai bi zango bayan zango kafin a buɗe masa ƙofar tauhidi. Wanda ya buɗe littafin zai tarar da jadawali da lambobi, amma kowace lamba a cikinsa tana ɗauke da hukuncin da Ikkilisiya ta yanke game da irin mutumin da take so ya tsaya gaban jama'a da sunanta. Mutumin nan shi ne wanda ya iya kafa hujja a kan abin da ya gaskata, ya kuma iya faɗin ra'ayin wanda ya saɓa masa cikakke, har mai ra'ayin ya yarda cewa ba a tauye shi ba.

Tsarin seminari ya samo asali ne daga Majalisar Tirento, wadda a shekarar 1563 ta umarci kowace dayosis ta kafa gidan renon masu neman zama firistoci, domin a lokacin an sha naɗa mutanen da ba su da isasshen ilimi, kuma jama'a ce ta ɗanɗana kuɗar hakan. Dokokin Ikkilisiya na shekarar 1983, a doka ta 250, sun tsayar da cewa karatun falsafa da tauhidi ba zai gaza cikakkun shekaru 6 ba, 2 na falsafa, 4 na tauhidi. Kundin tarbiyyar firistoci da Roma ta fitar ranar 8 ga Disamba, 2016, ya raba tafiyar gida huɗu: matakin share fage, wanda ba ya gaza shekara guda, sai matakin almajiranci, wanda a cikinsa ne ake karatun falsafa, sai matakin kamantuwa da Almasihu, lokacin tauhidi ke nan, sai matakin ƙarshe na aikin kiwon jama'a. A Nijeriya shekarun falsafa kan kai 4, saboda makarantun seminari suna ba da digirin farko ta hannun jami'o'in ƙasa, yayin da da yawa daga cikinsu suke kuma da alaƙa da Jami'ar Urbaniyana ta Roma. Akwai masu ganin tsawon ya yi yawa, ganin yadda ƙauyuka da dama kan yi makonni ba su ga Fada ba, kuma damuwarsu ta gaskiya ce. Sai dai firist ɗin da aka naɗa yana ɗan shekara talatin zai iya yin shekara arba'in yana wa'azi da sasanta ma'aurata da ba da shawara ga masu mulki, kuma duk gurguwar fahimtar da ya fita da ita za ta bi shi cikin waɗannan shekaru duka. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Manhajar ta fara da mantiƙi, wato ilimin da ke auna ingancin tunani, wanda yake koya wa ɗalibi yadda ake ɗora muƙaddima a kan muƙaddima har a fitar da natija, da yadda ake gane ƙiyasin da ya yi kama da sahihi alhali ɓatacce ne. An sa shi a shekarar farko da gangan, domin wanda bai iya rarrabe hujja da ƙarfin murya ba, ba zai amfana da sauran fannonin ba. Daga nan sai falsafar sani, mai binciken yadda mutum yake sanin abu da iyakar saninsa, da falsafar halitta, da falsafar ɗan'adam, mai tambaya game da rai da jiki da 'yancin zaɓi, da falsafar ɗa'a da siyasa. A tsakiyar su duka aka ajiye metafizika, ilimin samuwa a matsayinta na samuwa, wanda yake tambayar dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu, yake kuma kai hankali ga batun Allah ta hanyar hujja kafin a zo ga wahayi. Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya nanata muhimmancin wannan fanni a wasiƙarsa Fides et Ratio ta 1998, wadda ta yi magana a kan dangantakar bangaskiya da hankali. Dokar gyaran karatun falsafa da Roma ta fitar a watan Janairu na 2011 ta biyo bayanta da lissafi ƙarara: a shekaru biyun farko na tsarin da ya haɗa falsafa da tauhidi, fannonin falsafa zalla ba za su gaza kashi 60 cikin 100 na nauyin darussa ba. Abin da ya jawo wannan iyaka sananne ne, domin a wurare da dama ilimin halayyar ɗan'adam da ilimin zamantakewa sun yi ta cin filin falsafa, har ɗalibi ya kammala yana iya bayyana yadda mutane suke yi, bai taɓa fuskantar tambayar ko abin da suke yi daidai ne ba. Fannonin nan biyu suna da amfani, kuma manhajar ta ba su gurbi, amma gurbin mataimaka.

Sashen tarihin falsafa ya kasu zamani huɗu, na dā da na tsakiya da na sabon zamani da na yanzu, kuma na tsakiyar ne ya cancanci a tsaya a kansa a wannan zaure. Paparoma Liyo na Goma Sha Uku, a wasiƙarsa Aeterni Patris ta 1879, ya mai da Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, jagoran karatun falsafa a makarantun Katolika. Ɗalibin da ya karanta Toma da idon basira zai ga cewa ba shi kaɗai yake magana a shafukansa ba. Littattafan Aristo sun shiga Larabci a Bagadaza ta hannun masu fassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, Kirista da ya rasu a 873. Farabi ya ɗauki mantiƙi a wurin malamai Kiristoci, shi kuma ya koyar da Yahaya ɗan Adi, wanda shi ma Kirista ne. Daga baya, a ƙarni na 12, aka juya littattafan zuwa Latin a birnin Toledo na Sifaniya. Bambancin da Ibn Sina ya yi tsakanin haƙiƙar abu da samuwarsa, wanda ya kai shi ga batun wajibul wujudi, wato wanda samuwarsa ba ta dogara ga kowa ba, yana cikin ginshiƙan ɗan littafin da Toma ya rubuta yana matashi a kan samuwa da haƙiƙa. Ibn Rushdi kuwa, wanda ya rasu a 1198, malaman Turai kan kira shi Mai Sharhi kawai, ba sai sun ambaci sunansa ba, ko da yake Toma ya yi masa raddi mai zafi a kan mas'alar hankalin ɗan'adam. Hukumomin karatu ma sun yi ta kai da kawo a kan waɗannan littattafai: a 1210 an hana koyar da littattafan Aristo na halitta a Faris, a 1255 tsangayar fasaha ta jami'ar birnin ta wajabta karanta su, a 1277 Bishop na Faris ya haramta mas'aloli 219 waɗanda wasunsu suka shafi koyarwar Toma, a 1323 kuma aka ayyana Toma a cikin tsarkaka.

Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya gada daga Toma shi ne tsarin muhawararsa. A babban littafinsa na tauhidi yakan fara kowace mas'ala da jero hujjojin masu saɓa masa, sau da yawa da ƙarfin da su kansu ba su kai ba, sa'an nan ya faɗi matsayinsa, sa'an nan ya koma ya amsa hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Imam Gazali ya yi makamancin haka, domin ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofin masana falsafa kafin littafin da ya rushe su a ciki, kuma ya yi bayanin da adalcin da ya sa malaman Latin, waɗanda littafin farkon ne ya isa gare su, suka ɗauka shi ma ɗaya ne daga cikin masanan. Saboda haka ne manhajar ta wajabta karanta matanin marubutan kansu, ba taƙaitawar malami kaɗai ba, ta kuma sa muhawarar aji cikin abubuwan da ake ba maki.

Wannan gado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan mantiƙi, ya kuma kare halaccin karanta shi a musayar da ya yi da Imam Suyuɗi na Masar. Littafin Sullam na Ahdari har yau ana karanta shi a zaurukan ilimi, kuma ɗalibin da ya fara tauhidi da ƙaramin littafin aƙida na Sanusi yakan fara ne da hukunce-hukuncen hankali guda uku, wajibi da mustahili da ja'izi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1864, ya bar rubuce-rubuce a kan falsafa. A ɓangaren Ikkilisiya kuwa, ranar 28 ga Oktoba, 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da Optatam Totius a kan tarbiyyar firistoci, a ranar kuma ta fitar da Nostra Aetate, wadda ta bayyana girmamawar Ikkilisiya ga Musulmi. Firist ɗin da zai yi aiki a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai zauna a kwamitin sulhu da malamin da ya san ƙiyasi ya san natija, kuma a yankin da rikicin addini ya ci rayuka masu yawa, samun harshen hujja guda tsakanin shugabannin biyu abu ne mai tsare jini. Darasin falsafar Musulunci da ke cikin manhajar ya cancanci malami ƙwararre da cikakken lokaci, kada a mai da shi na cike gurbi.

Falsafar Afirka ma ta sami matsayinta. Ɗalibi zai haɗu da Augustin, haifaffen Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, da Anton Wilhelm Amo, mutumin Akzim ta Gana, wanda ya kare kundinsa a Witinbag ta Jamus a 1734, da muhawarar da ta biyo bayan littafin Fada Placide Tempels na 1945 a kan tunanin Bantu, inda Paulin Hountondji na Binin ya ƙi yarda a kira tarin al'adu falsafa matuƙar babu mutum guda da ya kafa hujja aka iya tuhumarsa a kanta. Muhawarar tana da amfani kai tsaye, domin ɗalibin da zai rubuta kundi a kan kirki ko mutunci ko kunya a wurin Hausawa, ko kan matsayin kakanni a wurin Tibi ko Birom, dole ne ya wuce tattara karin magana ya shiga tantancewa. Karatun da Turanci ake yin sa, da Latin a gefe kamar yadda doka ta 249 ta nema, alhali wa'azin yawancin waɗannan ɗalibai da Hausa ko harshen garinsu za su yi shi, kuma wannan giɓi ne da ya kamata malamai su riƙa cikewa ta hanyar sa ɗalibi ya maimaita hujjar da ya koya da harshen da tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Ƙa'idojin kansu ba su buƙatar dogon sharhi. Halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a zauna jarrabawa, da raba maki tsakanin gwajin cikin zango da jarrabawar ƙarshe, da matsakaicin maki 4.50 cikin 5 domin digiri mai daraja ta ɗaya, da mai duba jarrabawa daga wata jami'a, duk abubuwa ne da aka saba da su a jami'o'in ƙasar nan. Sabon ma'aunin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a Disamba 2022 ya tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ya bar wa kowace makaranta kashi 30, kuma a cikin wannan kaso ne seminari za ta shigar da abin da Roma take nema wanda hukumar ba ta ambata ba, aikin da yake buƙatar lissafi mai kyau domin kada nauyin darussa ya danne lokacin addu'a da na karatun kai. Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta satar rubutu, wato mutum ya gabatar da tunanin wani ko kalmominsa a matsayin nasa, ko ya kwaso su daga littafi, ko daga intanet, ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke rubuta maƙala cikin daƙiƙu. A jami'a laifin karatu ne. A seminari ya shafi cancantar naɗi, domin mutumin da ya yi ƙarya a kan shafi goma sha biyar shi ne gobe za a damƙa wa asirin masu tuba da dukiyar Ikkilisiya. Adalci ya sa an haɗa dokar da haƙƙin ɗalibi na a saurare shi da na ɗaukaka ƙara, an kuma sa darasin dabarun bincike a farkon karatu, domin kada a hukunta mutum a kan abin da ba a koya masa ba.

Littafin ya ɗora wa hukuma nauyi kamar yadda ya ɗora wa ɗalibai. Doka ta 253 ta ce ba a naɗa malamin falsafa a seminari sai mai digirin dakta ko lasisi, wato digiri na biyu na jami'o'in Ikkilisiya, daga makarantar da Roma ta amince da ita, kuma hakan yana nufin dayosis-dayosis su saki firistocinsu masu hazaƙa su tafi ƙaro ilimi, su kuma bar su a aji idan sun dawo, maimakon a raba su tsakanin koyarwa da riƙon majami'u biyu ko uku. Wajabta karanta matani yana nufin ɗakin karatu ya mallaki matanin a kwafi masu isa, da wutar da za a karanta su da dare, kuma ana roƙon masu hannu da shuni da suka halarci wannan taro su dubi wannan buƙata. Da wannan ake gayyatar mai girma Bishop, shugaban hukumar gudanarwar seminari, ya taso ya sa wa littafin albarka, ya buɗe shi, ya kuma miƙa kwafin farko ga Shugaban Sashen Karatu da wakilin ɗaliban shekarar farko.