Hannun Jarin Simintin Sakkwato: A Sayar Ko A Riƙe?



An nemi in yi tsokaci kan gardamar da ta raba kan wasu membobinmu game da hannun jarin simintin Sakkwato da suka gada daga iyayensu.

Kamfanin nan na Kalambaina, wato CCNN, an kafa shi a 1962. Ya daɗe yana ƙarami, har wasu suka raina takardunsa. Daga baya aka haɗe shi cikin BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas a Janairun 2020, jarin masu shi kuma ya bi shi can.

Masu cewa a sayar suna tuna 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya faɗo wajen 20,000, waɗanda suka ci bashin banki suka zuba kuwa sun ji jiki. Tsoronsu yana da tushe. Sai dai farashin wancan lokaci jita-jita ce ta hura shi, siminti kuwa ana ganin fitarsa a kan tirela.

Ni dai ina ga kada kowa ya sayar sai ya karanta rahoton shekara: ribar nawa ce, nawa makamashi ya ci, bashin dala nawa ke wuyan kamfanin tun faɗuwar naira a 2023.

Magadan da takardunsu ke kwance cikin adaka kuma, su kai wa magatakardan kamfanin tare da shaidar gado daga kotu, domin wataƙila akwai ribar shekaru da ba su karɓa ba.